Inusa Talle, Wanda Aka Rubuta Mutuwarsa a Bangon Mangaza

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Malam Inusa ɗan Sanda, wanda ƙasar Tasawa ta fi sani da Talle, a garin Kanan-Bakashe cikin ƙasar Mayahi, a shekarar 1929, ana tsakiyar girbin gero. Mahaifinsa Sanda manomi ne, mai haƙar rijiya da rani, mahaifiyarsa kuwa Habsu, mai saƙar faifai. Allah ya yi wa mahaifin rasuwa ba a yi arba'in da haihuwar ba, shi ya sa sunan Talle ya bi yaron, har ya danne na yanka.

Karatunsa

Ya fara karatun allo a gaban Malam Mai Nasara, limamin unguwarsu. A shekarar 1937, da dogarai suka zo ɗiban yara domin lakwal, wato makarantar Nasara, masu uba duk suka ɓoye nasu cikin rumbu, shi kuwa maraya ba shi da mai ɓoye shi, aka tasa ƙeyarsa zuwa Tasawa. Shekara uku ya yi a can, ya iya karanta Faransanci gwargwado, sannan ya koma gida saboda gonar mahaifiyarsa ta rasa mai nomawa.

Shigarsa aikin dako

A shekarar 1947, lokacin da gyaɗa ta fara tashe, ya dawo Tasawa ya shiga cikin 'yan dakon wani kamfanin sayen gyaɗa. Aikinsu shi ne ɗaukar buhu daga bakin sikeli, su hau da shi bisa katako, su jera buhu kan buhu a filin mangaza, wato babban ɗakin ajiyar kamfanin, har dala ta tashi ta wuce itacen gawo tsawo.

Dole a yi bayanin wata al'adar 'yan dakon wannan fili, domin ita ce ta juya rayuwar Talle. Kowane ɗan dako yana da gammonsa, wanda ake naɗa masa da tsohon zanen mahaifiyarsa, in ya yi aure kuma da na matarsa. Ba a aron gammo, ba a bayarwa, ko ga ɗan'uwa ciki ɗaya, domin a ganinsu gumin mutum da sa'arsa suna ciki. Sun fi gane juna da gammo bisa ga fuska, tun da mai ɗauke da buhu ba a ganin fuskarsa. In ɗayansu ya mutu a bakin aiki, ba a aika kowa da baki. Babbansu ne zai ɗauki gammon, ya je ya aje shi a bakin ƙofar gidan mamacin, ba sallama, ya juya.

Aurensa da 'ya'yansa na fari

A shekarar 1951 ya auri Furera, ɗiyar wani mahauci a Tasawa, ta naɗa masa sabon gammo da zanenta na saƙi mai baƙi da fari. Suka haifi namiji a 1953, aka mayar masa da sunan kakansa Sanda, sannan mace, Rashida, a 1957.

Kafa sandika

A shekarar 1955 Talle ya haɗa kai da Mushe Cha'ibu, wato Malam Cha'ibu a bakin Faransawa, magatakardan sikeli, suka kafa sandika, wato ƙungiyar ƙwadago ta 'yan dakon Tasawa. Talle ne shugaba saboda shi mutane ke ji, Cha'ibu kuwa sakatare saboda shi ke da alƙalami da zaƙin baki. Babbar buƙatarsu ita ce a ƙayyade tsawon dala, domin kamfani, don rowar fili, sai ya sa a yi ta ɗorawa har dala ta riƙa numfashi in iska ta kaɗa. Nasara suka ƙi saurara. Da aka samu mulkin kai a watan Agusta na 1960 aka zaci za a ji daɗi, sai ga shi hula ce kawai aka sake, kan yana nan. Hukuma ta fara farautar 'yan sandikan da take zargi da bin jam'iyyar da aka haramta, kuma sunan Talle ya shiga bakin masu kai tsegumi.

Mutuwarsa ta farko

Wata safiya cikin watan Janairu na 1963, Talle ya iso filin mangaza, sai wani mai shara a barikin jandarma ya raɗa masa cewa kafin azahar za a zo kama shi, kuma waɗanda aka kama kafinsa ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ya juya zai fita ta bayan dala, sai ya ci karo da wani baƙo, saurayi ɗan cin rani, mai zane uku-uku a kumatu, yana tsaye kai ba ko hula.

“Maigida, a taimaka mini da aiki,” in ji baƙon. “Daga wajen Urafan nike. Matata ta kusa sauka, ragon suna nike nema.”

“Ina gammonka?”

“Ba ni da shi.”

Talle ya dubi nasa. Mai gudu ba ya buƙatar gammo, kuma tausayin yaron ya kama shi. Ya miƙa masa, ya ce ya shiga layi a gurbinsa, kada ya yi magana da kowa. Ko sunansa bai tambaya ba. Ya bi ta cikin gonaki ya nufi iyaka.

Rana ta take tsaka, dalar da ake ɗorawa ta rufto ta gefen gabas. Da ƙura ta lafa aka janye buhuna, aka tarar da mutum ɗaya a ƙasa, kamanninsa sun ɓace, har liman ya ce ba zai wanku ba, sai taimama aka yi masa ta bisa mayafi. Amma ga gammon saƙi mai baƙi da fari a kansa. Aka duba cikin masu rai, babu Talle. Baƙon kuwa ba wanda ya neme shi, don ba wanda ya san ya zo. Babu mahalukin da ya yi shakka, domin a wurinsu ɗan dako ya ba da gammonsa abu ne da hankali ba ya ɗauka. Audu, babban 'yan dako, ya kai gammon ƙofar Furera ya aje. Ta fito ta ga zanenta, ta yanke jiki ta faɗi. Jandarma suka iso da ankwa, suka tarar ana jera sahu, su ma suka tuɓe takalma suka bi salla.

Yajin aiki da allon tagulla

Wanshekare 'yan dako suka aje aiki, na Mayahi da Gazawa suka bi su, gyaɗa ta yi ta zama a rana har kamfani ya sauko. Aka ƙayyade tsawon dala, aka yarda da diyya ga wanda aiki ya naƙasa. Abin da Talle ya yi shekaru yana nema da rai, gawarsa ta samo shi kafin rani ya fita.

Ranar ɗaya ga Mayu 1964, ranar ma'aikata, aka kafa allon tagulla a bangon mangaza, an rubuta da Faransanci cewa a nan Inusa Talle, shugaban sandikan 'yan dako, ya faɗi a bakin aiki. Kumandan, wato shugaban hukumar garin, wanda ya sa hannu a kama shi, shi ne ya yaye ƙyallen da aka rufe allon da shi, har da share ido. Mushe Cha'ibu ya yi jawabi, kuma bisa wannan jawabi ya hau har ya zama babba a sandikan jiha.

Tun daga wannan shekara 'yan dako suka fara faɗar cewa da rana tsaka, lokacin da kowa ke inuwa, sukan hango mutum tsaye ƙarƙashin allon, kai ba hula ba gammo, ya ɗan duƙa kamar mai jiran a ɗora masa kaya. In an matsa kusa, sai bango. Suka ce Talle ne bai gama da aikinsa ba, suka riƙa yi masa sadakar ƙuli-ƙuli.

Zamansa a Kano

Talle kuwa yana Kano, yana dako a tashar jirgin ƙasa. A can wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, daga Maradi ya ba shi labarin mutuwarsa tiryan-tiryan, bai san da wa yake magana ba. Nan take Talle ya gane wanda ke kwance cikin kabarin. Sai dai ya auna ya ga mutuwar ta yi masa rana: ba mai neman mamaci, ba mai takura wa iyalinsa, ga kuma haƙƙin da aka samu da sunansa. Ya ja bakinsa ya yi shiru. A nan ne ya yi kuskure, kuma ba za a ɓoye ba don ana rubuta tarihinsa. Furera ta yi takaba, ta sake aure a 1965. Mahaifiyarsa Habsu ta rasu a 1966 tana yi masa sadaka duk Juma'a.

A Kano ne wuyansa ya fara karkata. Ko ba kaya, sai ya ji nauyin buhu a tsakiyar kansa, ya fi tsananta da kaka. Masu magani suka yi iya yinsu, wuyan ya ƙi miƙewa.

Dawowarsa

Bayan soja sun karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, masu gudun hijira suka fara komawa gida, shi ma ya biyo su. Ranar kasuwa ya sauka Tasawa, da hantsi. Wata mai fura ce ta fara ganinsa, ta kwarara salati ta watsar da ƙwarya, kan ka ce me rumfuna sun zama wayam, kowa ya yi ta kansa. Shi kuwa ya wuce kai tsaye bangon mangaza, ya tsaya ya karanta ranar mutuwarsa.

Sai da liman ya sa shi ya karanta Fatiha a bainar jama'a, aka ba shi gishiri ya lasa, aka duba aka ga yana da inuwa, sannan aka yarda a gaisa da shi, shi ma daga nesa. Alƙali ya bar Furera a gidan mijinta. Rashida ta rungume shi tana kuka, amma ɗansa Sanda ya ƙi cin tuwo ƙwarya ɗaya da shi, yana cewa shi ya ga an binne ubansa da idonsa.

Abin da ya fi tayar wa tsofaffin 'yan dako hankali shi ne, bayan dawowar Talle, mutumin nan na rana tsaka bai daina tsayuwa ba. Audu ya rantse cewa ya gan shi a gindin bango alhali Talle na zaune kusa da shi a inuwa. Ya juyo a hankali ya ce, “To Talle, in kai ga ka nan, wancan wane ne?” Ranar ce Talle ya faɗa musu zancen baƙo da gammo. Audu ya tashi ya bar wurin.

Daga nan Talle ya ɗauki abu guda ya sa a gaba, bai sake shi ba har ƙarshen ransa: a cire sunansa daga bangon, a sa na mai kabarin. Ya tarar da Mushe Cha'ibu a ofishinsa a Maradi, ya yi ƙiba har wuya ya ɓace.

“Kamarad Talle,” in ji Cha'ibu, “wallahi na yi murnar ganinka, amma gaskiya ka fi amfani a bango. In muka ce ba kai ne ba, kamfani zai ce yajin ma bisa ƙarya aka yi shi. Kuma sunan wa za mu sa? Ka san shi?”

Bai san shi ba. Ya fito ransa a ɓace, kunya ta fi ɓacin ran yawa.

Aurensa na biyu da shekarun nema

A shekarar 1976 ya auri Sa'a, wata bazawara daga Mayahi, wadda da aka tsorata ta sai ta ce ko fatalwa ce, in dai tana noma tana kawo cefane, ita ta ji ta gani. Suka haifi Maman Sani a 1977 da Habsu a 1980. Gyaɗa a lokacin ta riga ta mutu, fari da cuta sun gama da ita, mangaza ta zama wurin kwanan awaki, amma allon yana nan, ana zuwa a goge shi duk ranar ma'aikata.

A shekarar 1977 motar da ya shiga zuwa Mayahi ta kife, mutane suka hallaka, shi ya fito ko ƙwarzane babu. A 1979 sanƙarau ya shiga unguwarsu, ya ɗauki na dama da na hagu, ya tsallake shi. Rijiya ta rufta a Kanan-Bakashe jim kaɗan bayan an jawo shi daga ciki. Sai magana ta bazu cewa mutuwa ta riga ta karɓi nata da sunan Talle, kuma muddin allon na bango, in ta zo ta karanta sai ta wuce. Malamai suka yi ta faɗa cewa wannan zance saɓo ne, amma ina! Direbobin tasha har dambe suke yi a kan wa zai ɗauke shi, kyauta, a gidan gaba, don motar da Talle ke ciki ba ta kashe kowa, wai.

Shi bai ce musu e ba, bai ce a'a ba. Ya yi amfani da motocin ya bi kasuwannin ƙasar Urafan ɗaya bayan ɗaya, wuya a karkace, yana tambayar ko akwai gidan da ɗansu ya tafi cin rani Tasawa kafin babban fari bai dawo ba. Gidajen da suka amsa sun yi yawa, domin yunwa ta watsa mutane, amma ba a dace ba.

Samun sunan

A watan Disamba na 1986, a kasuwar Urafan, rana tsaka, ya ɗaga ido daga rumfar masu wake, sai ga baƙon nan tsaye gabansa, da ƙuruciyarsa, da zanensa uku-uku, kai ba hula. Talle ya zauna a ƙasa yana kalmar shahada, ya ɗauka an zo tafiya da shi. Saurayin ya duƙa ya ce, “Baba, lafiya?” Ashe ɗan baƙon ne. Sunansa Ɗanbaba, an haife shi a makon da uban ya tafi, kuma danginsu ba su daɗe da dawowa daga kudu ba, inda fari ya kora su.

Ya kai Talle wani ɗan ƙauye arewa da garin, wurin mahaifiyarsa Hadiza. Sunan mijinta Wada ɗan Cindo. Shekara ashirin da uku ba ta yi takaba ba, ba ta yi aure ba, domin ba wanda ya kawo mata shaidar mutuwa, ita kuma ta ƙi zuwa gaban alƙali. Talle ya durƙusa ya faɗa mata kome, bai rage ba. 

“Ashe duk shekarun nan da rabon mamaci nike tuƙa tuwo,” in ji ta. “Bawan Allah, ban ce ka kashe shi ba, taimako ka yi. Amma ka ɗauke mashi suna, ka bar ni ina sauraren ƙofa. Ka maida mashi abinshi.”

A ranar ta kwance kitsonta ta shiga takaba, da furfura a kanta.

Sauke allon

Mushe Cha'ibu ya riga ya rasu a 1985, kuma sababbin shugabannin sandika ba su yi gardama ba. Gardamar daga cikin gida ta fito. Sa'a, wadda ba ta taɓa tsoron kome ba, ta daina cin abinci. Rashida ta zo daga gidan mijinta ta riƙe ƙafafunsa.

“Baba, don Allah ka bari. Allon nan shi ke riƙe da kai. Sau ɗaya na yi maraici, ba ni iya na biyu.”

“Ɗiyata, ba allo ke riƙe da rai ba,” in ji shi. “In ma shi ne, to kwanan wani nike ci, kuma na ƙoshi.”

Liman ya ƙara jaddada cewa ajali na hannun Allah, sannan ya ja shi gefe ya ce ko za a bari sai bayan damina. Talle ya yi dariya, ya ce a'a.

Ranar ɗaya ga Mayu 1987 Tasawa ta taru a filin mangaza, taron da ba a ga irinsa ba tun zamanin gyaɗa, kuma kowa ya san ba allo aka zo kallo ba. Maƙeri ya sa guduma ya ɓamɓare tsohon, ya kafa sabo mai sunan Wada ɗan Cindo, mutumin ƙasar Urafan, wanda dala ta faɗa wa a Janairun 1963. Ɗanbaba ya shafa rubutun da tafin hannu, ko da yake bai iya karatu ba. Idanu duka suka koma kan Talle, ana jiran ya faɗi. Bai faɗi ba. Waɗanda ke kusa sun shaida cewa ya ja dogon numfashi, wuyansa ya miƙe, har suka ga ashe dogon mutum ne. Ya taka da ƙafarsa zuwa gida, ya ci tuwo ya nemi ƙari. Wanshekare da ya je tasha, yaran mota suka ce ya biya kamar kowa, ya koma baya.

Rasuwarsa da jana'izarsa

Ya yi noman wannan damina, ya girbe geronsa, ya kai wa Hadiza dami. A farkon watan Nuwamba na 1987 zazzaɓi ya kwantar da shi, irin wanda ake sha a tashi, shi bai tashi ba. Ya rasu ranar wata Alhamis da hantsi, a ɗakinsa, yana da shekara hamsin da takwas, kansa bisa cinyar Rashida. Wasiyyarsa ɗaya ce, cewa kada a rufe shi sai an duba fuskarsa da kyau.

Aka cika masa. Bayan an yi wanka, kafin a ɗaure likkafani, tsofaffin 'yan dakon da suka rage suka shigo ɗaya bayan ɗaya, Audu a gaba ana riƙe da shi, kowa ya duƙa ya duba ya ce, “Shi ne.” Na ƙarshe da ya shiga shi ne ɗansa Sanda, wanda bai taɓa kiransa Baba ba tun dawowarsa. Ya daɗe a durƙushe, sannan aka ji muryarsa daga waje yana cewa, “Baba ne. Wayyo Allah, Baba ne.” Shi ya shiga kabari ya karɓe shi, aka binne shi a maƙabartar gabas ta Tasawa bayan sallar azahar.

Ya rasu ya bar matarsa Sa'a da 'ya'ya huɗu: Sanda, mahauci a Tasawa, Rashida, tana aure a Gazawa, Maman Sani da Habsu, suna gaban mahaifiyarsu. Allah ya gafarta wa Inusa ɗan Sanda, ya gafarta wa Wada ɗan Cindo, ya sa kowannensu ya amsa da sunansa ranar da za a kira.